DA NI AKA YANKE WA ƘAFA, WA ZAI CE MATA TA MAYAR DA NI GIDANMU?

Rubutun yau yana da tsawo, mai sauri ya ajiye sai ya samu natsuwa. Kuma da izinin maiɗakina na yi shi, sai da na karanta mata daga farko har ƙarshe kafin in ɗora.

Wata bakwai ke nan da likitoci suka yanke mata ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, sanadiyyar ciwon suga. Da yawanku kun zo dubiya, wasu kun turo abin da ya sauwaƙa, wasu kun yi addu'a. Allah ya saka da alheri, ba mu manta ba. Amma a cikin watannin nan akwai shawara biyu da aka yi ta kawo min har na daina ƙirga masu kawowa. Ta farko: "Malam, ka mayar da ita gidansu mana, in ta warke a dawo maka da ita." Ta biyu: "Ai sai ka ƙara aure, ka samu mai kula da kai da yara."

Masu faɗin nan ba maƙiyana ba ne. Abokan aiki ne, da dattawan majalisarmu, da 'yan uwa na jini, har da mata. Shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Da maƙiyi ne da na share shi. Amma idan mutumin kirki ya faɗi irin wannan magana yana ganin alheri ya yi maka, to cutar tana cikin tarbiyyar da muka tashi a kanta, kuma dole a yi maganarta a fili.

Ku duba unguwanninmu a nan Ɗambatta, ku leƙa Ajumawa, Gwarabjawa, Saidawa, Fagwalawa. Ko'ina za ku samu magidancin da ya faɗi a babur aka ɗaure ƙafar a wurin mai ɗori har ta ruɓe, ko wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ko wanda suga ta cinye wa yatsu. Wa ke jinyarsa? Matarsa. Ita ke kwashe kashi da fitsari, ita ke wanke tsummoki, ita ke soya ƙosai ko dama koko a sayar a ci, shekara biyu, shekara biyar, shekara goma. Ban taɓa jin wanda ya je ya ce mata "ki mayar da shi gidan iyayensa, in ya warke ki dawo" ba. Ranar da ta yi ƙorafi kuwa, garin zai ɗauka: butulu ce, ba ta da haƙuri, don ta ga ya kwanta. To me ya sa idan abin ya juyo kan mace sai haƙuri ya zama ba dole ba? Wane ma'auni ne wannan?

Bari in gaya muku abin da ake nufi da jinyar wanda aka yanke wa ƙafa, don na lura masu ba da shawara ba su taɓa kwana ɗaya a ciki ba.

Ina tashi kafin assalatu. Abu na farko bayan gida. Masan gidajenmu na tsuguno ne, mai ƙafa ɗaya kuwa ba ta da yadda za ta tsuguna. Sai da mai walda ya haɗa mana kujera mai rami, ya kafa ƙarfen dafawa a bango. Dokin ƙofar ɗaki, wanda mai lafiya yake tsallakewa bai ma sani ba, ya zama katanga, sai da magini ya fasa shi ya yi gangara. Bakin kwata da ruwan wanke-wanke ke kwanciya ya zama tarko, domin sandar dogarawa ba ta son santsi. Daga nan alwala a kan kujera, sallah a zaune. Sai gwajin suga: a soki yatsa, a rubuta lamba a littafi, a yi allurar insulin. Ita kuma allurar ba ta son zafi, wutar lantarki kuwa kun san halinta, don haka a cikin 'yar tukunyar ƙasa muke ajiye ta, an kewaye da yashi mai danshi.

Sai dungun kansa. Lokacin da ciwon yake ɗanye kullum sai an duba ko yana ruwa, ko ya canza launi, ko yana wari. Da ya rufe sai aikin bandeji ya shigo: a naɗa a giciye daga ƙasa zuwa sama, ya fi matsewa a ƙasa, domin kumburi ya sauka dungun ya yi siffar da zai shiga ƙafar roba. Idan ya kwance a sake. Masu gashin ƙashi sun hana mu sa matashi a ƙarƙashin gwiwa ko da tana jin daɗinsa, sun ce ta riƙa kwanciya rub-da-ciki tana miƙe gwiwar, domin in ta ƙage a lanƙwashe, ko an samu ƙafar roba ba za ta taku da kyau ba.

Da dare akwai abin da ba kowa ya sani ba. Tana farkawa tana jin ƙaiƙayi ko zogi a yatsan da aka binne wata bakwai da suka wuce. An samu masu cewa jifa ne, wasu suka ce iska ce. Likitoci sun san abin sarai: jijiyoyin da aka yanke suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ba ta gama yarda cewa ƙafar ta tafi ba. Haka nan mutum yakan tashi cikin magagin barci ya taka ƙafar da babu, ya faɗi a kan dungun. Wanda yake kwance kusa da ita ne kaɗai zai iya tare wannan. Kafin mu kwanta kuma sai na haska tocila na duba ƙafar da ta rage, tsakanin yatsu da dunduniya da tafin ƙafa, domin cutar da ta ci waccan tana nan, ba ta je ko'ina ba.

Ƙarfe takwas ina ofis kamar kowa. Da rana ƙanwarta ke zama da ita, da yamma babbar 'yarmu in ta dawo daga makaranta. Ba ni kaɗai nake yi ba, kuma ban rubuta wannan don a yaba min ba. Mata dubbai suna yin abin da ya ninka wannan ba wanda ya taɓa ce musu sannu. Na lissafa ne don mai cewa "a mayar da ita gida" ya san kayan da yake so a ɗora wa wani, ya kuma tambayi kansa wa zai ɗauka. Surukata ta tsufa, ita ma da ciwon gwiwa take fama. Ita za ta ɗaga mace mai 'ya'ya biyar ta kai ta bayan gida ƙarfe uku na dare? Sun ba ni 'yarsu da ƙafa biyu tana budurwa, na ci moriyar ƙuruciyarta shekara 17, yanzu da ta rasa ɗaya sai in mayar musu? Wannan ai cin moriyar ganga ne a ya da kwaurenta.

Na san hujjojin da ake kawowa, kuma zan amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai masu cewa kunya ce, mace ta fi sakewa a hannun mahaifiyarta. Idan ita mara lafiyar ce ta nemi ta je gida, a kai ta, a bi ta da abinci da kuɗin magani, a riƙa zuwa kullum. Amma a tambaye ta tukuna. Ni cikin duk waɗanda suka kawo min shawarar, ko mutum ɗaya bai ce "me ita take so?" ba. Kuma maganar kunya, wa ya fi miji cancantar ganin jikin matarsa a duniyar nan? Lokacin lafiya ba a ji kunya ba, sai lokacin fo da buta?

Akwai masu cewa ai addini ya halatta ƙarin aure. Ya halatta, ba ni da ja, kuma wanda ya ƙara don buƙatarsa ya yi adalci ba ruwana da shi. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗauko 'yar mutane da sunan amarya alhali 'yar aiki ake nema, a zalunci mata biyu a lokaci guda. Ita amarya an kawo ta jinyar da ba ta ɗauki alkawarinta ba. Ita uwargida, da ko ɗinkin ƙafarta ba a gama warwarewa ba, tana jin ana guɗa a tsakar gidanta. Kuɗin lefe da sadaki da gyaran ɗaki da za a kashe, da an tara su ai da sun yi nisa wajen sayen ƙafar roba. Ka fara tsayar da ta gida a kan ƙafafunta, sauran magana ta biyo baya.

Akwai kuma wanda ya karanto min cewa malaman fiƙihu na da sun ce kuɗin magani ba ya cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji. Gaskiya ne akwai wannan a littattafan da. Amma malamai na wannan zamani irin su Shaikh Wahba Zuhaili sun yi bayanin cewa magani a yau ya zama larura kamar ci da sha, kuma ba ya daga cikin kyakkyawan zama miji ya mori matarsa tana lafiya ya tura ta ga danginta tana ciwo. Sannan mu tuna Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda. Bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan hijira, saboda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar shi a Madina yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma aka ba shi lada da rabon ganima irin na wanda ya halarta. Badar fa, jama'a. Idan jinyar mata ta isa ta zaunar da Usman daga Badar, wane ne ni da kai da za mu ce ta fi ƙarfin girmanmu? Masu kirana mijin-ta-ce don sun gan ni ina shanya zannuwa, ku je ku yi ta faɗa.

Hujja ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba: dole namiji ya fita nema. Manomi yana da gona, ɗan kasuwa yana da kasuwar Lahadi, ma'aikaci yana da rajistar da zai sa hannu. In ya zauna wa zai kawo abinci da kuɗin allura? A nan ne maganar ta bar tsakar gida ta koma kan hukuma, domin gwamnatocinmu sun gina lissafinsu ne a kan cewa kullum akwai wata mace a gida da za ta yi jinya kyauta.

A Amurka tun 1993 akwai dokar da ta ba ma'aikaci damar ɗaukar hutu har mako 12 don jinyar matarsa ko mijinta ba tare da ya rasa aikinsa ba, ko da yake ba albashi. A Birtaniya daga Afrilun 2024 mai jinya yana da haƙƙin mako ɗaya a shekara. A nan gida, gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu tun 2021. Abu ne mai kyau. To wanda aka yanke wa matarsa ƙafa fa? Ni hutuna na shekara na ƙarar a gefen gadon asibiti, abin da ya biyo baya kuma alfarma ce da fahimtar abokan aiki. Alfarma kuwa yau akwai gobe babu, kuma masinja ko direba ba lalle ya samu irin wadda babban ma'aikaci zai samu ba.

Sai maganar ƙafar roba. Wurin da kowa ya sani a jihar nan shi ne Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959. Daga Ɗambatta zuwa can tafiya ce ta sama da awa guda, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Za a auna, a gwada, a gyara, a koya maka tafiya, sannan dungun yana ci gaba da motsewa, bayan wani lokaci sai an sake kwandon da yake shiga. Mai ƙafa ɗaya ba ta shiga motar haya a cusa ta mutum huɗu a baya, sai shata, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda shata ta koma. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne. Ni da nake da digiri da shekaru a aiki sai da na sayar da tumakin da nake kiwo na ci bashin adashi. Manomin da ke ƙauye da rabin kadada yaya zai yi? Amsar tana bakin titi, kuna ganin su a kan allon taya suna bara.

Kuma ba dole ne abin ya yi tsada haka ba. A birnin Jaipur na Indiya, a 1968, wani likitan ƙashi mai suna P. K. Sethi da wani mai sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka ƙera ƙafar roba mai araha don talakan ƙasarsu, wadda za a iya tsugunawa da ita, a zauna a ƙasa, a shiga ruwa da taɓo, a yi tafiya ba takalmi. Wato irin rayuwarmu sak. Wata ƙungiya da aka kafa a 1975 tana raba ta kyauta har yau. Mu da muke da maƙera da dukawa da masu walda a kowane lungu, da kwalejojin fasaha, me ya hana mu?

Doka ma akwai ta. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar da keken guragu zai bi, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu nakasa, ta kuma tanadi tara ga wanda ya nuna musu wariya. Kowa ya ƙirga da kansa a garinsa: banki nawa, makaranta nawa, ofis nawa, masallaci nawa ne mai keke zai shiga ba sai an ɗauke shi kamar buhu ba? Masallatai ma ba sai mun jira gwamnati ba, mu muke gina su da kuɗinmu, muna sa tayil mai santsi da matakala biyar. Buhun siminti biyu ya isa a yi gangara.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ina roƙon a tura wa waɗanda abin ya shafa.

Majalisar dokokin jiha da ofishin shugaban ma'aikata su samar da hutun jinya a rubuce, da takardar likita, ga namiji da mace, ya zama haƙƙi. Ƙungiyar ƙwadago ta sa wannan cikin buƙatunta kamar yadda take sa ƙarin albashi.

Hukumar KSCHMA, da ake yankar albashinmu duk wata dominta, ta wallafa da Hausa ƙarara abin da mai rajista zai samu game da ƙafar roba, sandar dogarawa, keke da gashin ƙashi, a manna a kowane asibiti, kowa ya san haƙƙinsa.

A riƙa turo masu haɗa ƙafar roba da masu gashin ƙashi zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomi ko da sau ɗaya a wata. Ɗambatta za ta iya ɗaukar mutanen Makoɗa da Kunci da ƙauyukan da ke kewaye.

'Yan siyasar da ke raba keken guragu a gaban kyamara ranar 3 ga Disamba, mun gode, amma keke ba ya tafiya a yashi, kuma wanda aka yanke wa ƙafa daga ƙasan gwiwa yana iya komawa gona ko aji ko shago idan ya samu ƙafa. Ku sayi ƙafa.

Malamanmu, kun yi mana huɗuba mai yawa a kan haƙurin mace da biyayyarta. Muna roƙon Juma'a ɗaya a kan Usman da Ruƙayya.

Masu zuwa dubiya, musamman iyayenmu mata da yayyenmu, don Allah ku daina magana a kan mara lafiya kamar ba ta ɗakin. Kalmar "shi ke nan kuma" ta fi wuƙar likita ciwo. Ƙafa aka yanke mata, kunnenta da hankalinta suna nan. Har yau ita ke tsara cefanen gidan nan, ita ke bin karatun yara, ita ke yanka kayan miya a zaune tana gaya min gishiri ya yi yawa. In kuna son taimako, ku karɓi wuni ɗaya a mako, ku ɗebo ruwa, ku kai yara islamiyya, ku bar mai jinya ya runtsa awa biyu.

Masu ciwon suga da iyalansu, ga hunturu nan tafe. Cutar tana kashe jin ƙafa, mutum zai taka ƙaya ko ya ƙone bai sani ba. Kada a kara ƙafa a kaskon wuta, kada a yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida ne, a zazzage takalmi kafin a sa, kada a bari a yanke kaushi ko farce da reza, a shafa mai saboda faso. Ƙurji komai ƙanƙantarsa a ƙafar mai suga na asibiti ne a ranar, ba gobe ba.

Ku kuma 'yan uwana maza, ba wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi. Muna hawa babur kullum a titin Kano zuwa Daura, rabinmu ba mu taɓa gwada suga ko hawan jini ba. 'Ya'yanmu suna kallon yadda muke yi da iyayensu mata, kuma abin da suka gani shi za su yi wa nasu matan, cikinsu har da mazajen da za su auri 'ya'yanmu. Duk mai 'ya mace ya tambayi kansa ko zai so a dawo masa da ita a bayan a-daidaita-sahu da ƙullin kayanta ranar da ta rasa ƙafa.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ga fili nan a ƙasa, a yi magana cikin mutunci, zan amsa gwargwadon lokacin da na samu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya ƙarfafi masu jinya, ya sa wahalarsu a mizani. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace. Amin.